Gasar Share Ƙofa a Tudun Kanya

A wani daji da ke bayan duwatsu, inda ƙafar maharbi ba ta cika kaiwa ba, akwai wata unguwa ta ƙananan dabbobi da ake kira Tudun Kanya. Gidajen unguwar a kewaye suke kamar bakin faifai, kowa na jin tarin maƙwabcinsa. A tsakiya akwai wata tsohuwar kanya, wadda a gindinta ake taro, a nan ake sulhu, a nan kuma ake ƙulla rigimar da za a sulhunta baɗi.

Cikin mazauna unguwar akwai wata bushiya mai suna Rifkatu, wadda aka fi kira Maman Tabita. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta sun yi aure sun watse, ita ce kuma ke jan waƙa a zumuntar mata ta majami'a. Ta iya girki, hannunta a sake yake, amma bakinta ya fi ƙayar bayanta tsini. Ba muguwa ba ce. Ita dai ba ta taɓa shiga gardama ta fito da laifi ba, a nata lissafin. A hannun damanta akwai gidan wani kurege ɗan tireda mai suna Istifanus, a hagunta kuma gidan Malam Ilu gafiya, magini. Malam Ilu ba ya bikin Kirsimeti, amma kowace shekara kwanon farko da ke fita daga murhun Rifkatu nasa ne, kamar yadda tsokar farko ta layyarsa take zuwa gidanta.

Al'adar Tudun Kanya ce, in Kirsimeti ya matso, a taru a gindin kanya kowa ya faɗi fatansa ga unguwa. A wannan shekara an taru kamar kullum. Zomo ya yi fatan a daina zubar da ɓawo a hanya, yana magana yana kallon kurege. Kurege ya yi fatan masu yawan 'ya'ya su riƙa kula da su, yana kallon zomo. Rifkatu ta miƙe ta yi fatan a riƙa tausaya wa juna, a kuma rage tsegumi, ta kawo misalai da sunaye don kowa ya gane. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, saboda haka duk wanda ya zauna sai kowa ya tafa masa, in ban da wanda aka yi da shi.

Da aka gama, Mai Unguwa Barnaba, wani gwaggon biri mai furfura a gemu, ya gyara murya ya ce:

"Jama'ar Tudun Kanya, barkanmu da ganin wannan wata mai albarka. Na saurari fatanku ɗaya bayan ɗaya, na kuma lura bakinku ya zo ɗaya. Kowa yana son unguwa mai tsafta, mai tausayi, mai kula da juna. Wannan ya faranta mini rai, domin abin da na daɗe ina faɗa ke nan. Sai dai tausayi abu ne na zuciya, ido ba ya ganinsa. Kula da juna ma haka take. Tsafta kuwa ana iya zagayawa a duba. Don haka ni da 'yan kwamiti mun ga ya dace mu fara da abin da za a iya dubawa. Ga ƙwaryar farar zuma nan, ba a taɓa ta ba. Ranar Kirsimeti da la'asar za a miƙa ta ga wanda ƙofar gidansa ta fi ta kowa tsafta. Sauran fatan biyu mun karɓa da hannu bibbiyu, za mu zauna a kansu bayan biki."

Aka yi tafi har ganyen kanya ya girgiza. Malam Ilu ya tambaya ko shi ma yana ciki, aka ce masa zuma ba ta da addini. Aka tashi kowa na haɗiyar yawu. Ana watsewa ne tsohon kunkurun unguwar, Baba Ishaya, ya iso wurin taron da nasa fatan a baki, ya tarar da 'yan kwamiti suna naɗe tabarmi. Suka ba shi labarin zumar, ya juya ya kama hanyar gida.

Washegari tun da sassafe Rifkatu ta fito da tsintsiya. Ta share ƙofarta tas, ta yayyafa ruwa, ta sake sharewa, har ta tara tsibin ganye da toka da wata tsohuwar sakaina mai ɗinki a gefe. Sai a lokacin ta tuna juji yana da nisa, ga ƙaya a hanya, ga ta da gajerun ƙafafu. Ta dubi tsibin, ta dubi ƙofar Istifanus wanda ya riga ya tafi kasuwa. Ta ce a ranta ai yawancin ganyen nan ma daga bishiyarsa suka faɗo. Ta ɗan tura tsibin ya ƙetare iyaka, ba da nisa ba, ta shiga gida ta ɗora ruwan kunu.

Da Istifanus ya dawo ya ga abin da ya samu, sai ya ɗauko tsintsiya. Ya haɗa da ɓawon gyaɗarsa ya tura wa zomo. Zomo ya sa 'ya'yansa suka ƙara da nasu suka tura gaba. Haka tsibin ya kama tafiya gida-gida, yana ƙiba a hanya kamar baƙon da ake so, har wata safiya Rifkatu ta buɗe ƙofa ta same shi zaune yana jiranta ta ɓangaren Malam Ilu, ya ninka yadda ya tafi, sakainarta a samansa kamar hula.

Ta tafi ƙofar Malam Ilu ƙayarta a miƙe. Ta ce, "Malam, ashe haka za mu yi da kai? Duk zaman amanar nan?"

Malam Ilu ya ce, "Maman Tabita, ni ma a ƙofata na wayi gari da sharar. Da na ga sakainarki a kai, sai na ce bari in mayar wa mai kaya kayanta."

Wannan amsa ba ta yi wa Rifkatu daɗi ba, musamman da yake gaskiya ce. Ta faɗa masa maganganu a kan gafiyoyi da halinsu tun kaka da kakanni, shi ma ya tuna mata cewa laifi tudu ne. Daga nan ta wuce wurin Istifanus ta zarge shi da rashin riƙe abin da aka ba shi. Kafin rana ta yi tsaka ta ɓata da maƙwabtanta na dama da na hagu, kafin mako ya zagayo kuma unguwar duka ta ɗauka. Gaisuwa ta koma ɗaga gira. A majami'a mawaƙa suna koyon waƙar salama a duniya da farin ciki ga kowa, kowanne ya juya wa na kusa da shi ƙeya. Muryoyin dai sun haɗu, don Rifkatu ba ta wasa da waƙa.

Ana cikin haka sai tsibin ya tafi bai dawo ba. Rifkatu ta fito da shirin faɗa ta tarar da ƙofarta fes. Washegari ma haka. Ta tabbata a ranta cewa tsawatarwar da ta yi ce ta yi aiki, kamar yadda kowane gida ya tabbata tasa ce. A hankali labari ya bazu a raɗe cewa akwai wani wuri a ƙarshen unguwa, bayan babban suri, inda in ka zuba shara ba ta dawowa. Ba sai ka zagaya ba, daga kan hanya za ka tsaya ka wurga ta saman surin. Kowa ya koma kai tasa can. Rifkatu ma ta riƙa zuwa da ɗan kwandonta tana 'yar waƙa. Ta san ƙofar wa ke bayan surin, amma sani iri-iri ne, akwai wanda ake ajiyewa a gida in za a fita.

Ranar jajibere Mai Unguwa ya fito da 'yan kwamiti duba ƙofofi. Suka fara da tasa, suka yaba. Suka bi gida-gida ana tarbarsu da kunun gyaɗa da cincin, har cikinsu ya yi nauyi kafin su kai ƙarshen unguwa, suka amince cewa abin da suka gani ya isa shaida. Mai Unguwa ya ce tun da yake bai taɓa ganin Tudun Kanya da kyau haka ba, kuma ba ƙarya ya yi ba.

Ranar Kirsimeti gari ya waye da ƙarar ganga. Yara sun sha sababbin kaya suna tafiya a hankali kada su yi datti, mata sun kafa ɗaurin kallabi, majami'a ta cika har waje. Rifkatu ta ja waƙa yadda ba ta taɓa ja ba, har wasu suka manta suna fushi suka yi rawa kusa da juna. Gurbin Baba Ishaya a bencin dattawa ya kasance fayau. Wani ya tambaya, aka ce masa yana hanya. Kunkuru ai kullum yana hanya.

Da aka taso sujada Rifkatu ta koma gida ta sauke tukunyarta. Ta dafa shinkafa da miyar gyaɗa, ta soya shinge, wato gara mai fiffike, ta barbaɗa yaji, ƙamshi ya cika gidan. Ta jera kwanoni kamar yadda ta saba, ta cika na farko ta rufe, ta ɗauka ta kai bakin ƙofa. A nan ta tsaya. Hagu, Malam Ilu. Dama, Istifanus. Ta bi gidajen unguwar da ido ɗaya bayan ɗaya, kowanne da maganar da ta faɗa masa ko ya faɗa mata. Ga ƙofarta tana sheƙi, ga abinci ya isa gida goma, ba ta da inda za ta kai. Ba ta taɓa jin kwano ya yi mata nauyi kamar na ranar ba.

Can ta tuna akwai mutum ɗaya da ba ta yi faɗa da shi ba, saboda ba ta gan shi ba. Ta ɗora kwanon a ka ta nufi gidan Baba Ishaya, wannan karon ta zagaya surin.

Ba ta ga ƙofa ba. Abin da ta gani tudu ne na ganye da ɓawo da toka da tsummoki, ya toshe bakin gidan har sama. Ta ajiye kwanon ta yi sallama, shiru. Ta matsa ta kara kunnenta a jikin sharar ta sake yi da ƙarfi. Daga can ciki, kamar daga ƙasan rijiya, ta ji wata dusasshiyar murya tana rera waƙar haihuwar Almasihu, a hankali, ana hutawa tsakanin kalma da kalma.

Ta fara tono da hannuwanta, amma hannun bushiya bai fi na ɗaukar ludayi ba, tana ja sharar na zubowa. Gidan da ya fi kusa na Malam Ilu ne, kuma duk unguwar ba wanda ya kai shi haƙa. Ba ta tsaya shawara da zuciyarta ba, don ta san abin da zuciyar za ta ce. Ta ruga ta same shi zaune a ƙofa yana gyaran carbinsa, yana yi kamar ba ya jin ƙamshin da ke tasowa daga gidajen mutane.

Ta ce, "Malam, taso. Baba Ishaya na ciki, mun binne shi."

Bai tambaye ta su wa take nufi da "mun" ba. Ya tashi ya bi ta. Ya sa ƙafafunsa na gaba ya huda tsibin, ita tana janye abin da ya turo, har suka buɗe ɗan rami suka kutsa. Suka tarar da tsohon a tsakar ɗaki, kwance a kan bayansa, ƙafafu huɗu a sama, ga turmi a kife a gefe, ga sabuwar tsintsiya kusa da kansa. Wuyansa ya rame, leɓensa ya bushe. Ya juyo da ido ya dube su a juye, ya ce musu sannu da zuwa, su yi haƙuri bai tashi ya tarbe su ba.

Rifkatu ta ɗebo ruwa ta ɗiga masa a baki tana hawaye tana yi masa faɗa, don ba ta san wata hanyar nuna tausayi ba. Suka gwada juya shi su biyu, ko motsi bai yi ba. Sai ta bar Malam Ilu da shi, ta sheƙa gindin kanya, inda jama'a suka fara taruwa cikin kwalliya don ganin wanda zai ci zuma. Mai Unguwa ya miƙe ke nan zai fara jawabi ta faɗo tsakiyar fili, kallabinta a karkace, toka har gira, ta faɗi abin da ta gani. Mai Unguwa ya ce lallai wannan batu ne mai muhimmanci, za a sa shi cikin abubuwan da za a tattauna a ƙarshe. Bai rufe baki ba Istifanus ya riga ya yi tsalle ya nufi suri, zomo da 'ya'yansa na biye, sauran jama'a suka ɗunguma. Da ya ga ba wanda ya rage sai shi da ƙwaryar zuma, ya ɗauke ta ya bi bayansu, yana cewa daman abin da zai umarta ke nan.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu sababbin kaya suka naɗe hannun riga suka shiga shara, wannan na cika kwando, wannan na ja, 'ya'yan zomo na miƙa wa juna. Waɗanda suka yi kwanaki ba sa gaisawa suka riƙa cewa "riƙe nan" da "sannu". Da ƙofa ta buɗe, Mai Unguwa ya zura dogon hannunsa ya kama gefen ƙoƙon bayan tsohon, ya juya shi cak kamar waina. Mata suka rangaɗa guɗa. Aka fito da Baba Ishaya aka zaunar da shi a rana, Rifkatu ta buɗe kwanonta a gabansa. Ya ci a hankali, jama'a na tsaye suna kallon kowace loma kamar su ke ci. Da ya ƙoshi ya sha ruwa, ya ɗaga kai ya ce:

"'Ya'yana, barkanku da Kirsimeti. Kada kowa ya sunkuyar da kai, ni ma ba waliyyi ba ne. Da ina kan ƙafafuna turawa nake yi gaba, ku tambayi Malam Ilu. Zumar nan ce ta hau da ni kan turmi in ɗauko sabuwar tsintsiya da na rataya, turmin ya goce. Kwaɗayi mabuɗin wahala, da tsufana na sake karanta shi. Amma ina so in yi muku godiya. Tun da matata ta rasu ban taɓa yin baƙi kamar na kwanakin nan ba. Safe da yamma ina jin takunku, na kuma san na kowa. Ga na Istifanus mai sauri, ga na Mai Unguwa mai nauyi, ga Maman Tabita da 'yar waƙarta. Kowa ya zo da ɗan abinsa ya ajiye mini. Na yi ta kira, to muryar tsoho ba ta ƙetare suri. Ranar taro kafin in iso an tashi, ban samu na faɗi fatana ba, bari in faɗa yanzu. Ba shi da yawa. In kun zo zubar mini da shara, ku ɗan tambayi yadda na kwana."

Sai Malam Ilu ya tuntsire da dariya, ta kama Istifanus, ta bi jama'a duka, wasu na dariya suna share ido.

Mai Unguwa ya ga lokacin shugabanci ya yi. Ya ce abin da ya faru abin takaici ne, kuma ba za a bar shi ya wuce haka ba, zai kafa kwamiti mai ƙarfi ya binciko waɗanda suka tara wannan shara a ƙofar dattijo. Yana cikin magana Rifkatu ta sunkuya ta zaro sakainarta mai ɗinki daga tsibin, ta riƙe ta a hannu. Istifanus ya dubi ɓawon gyaɗa ya ce kamar ya san waɗannan. Zomo ya ja guntayen karas gefensa da ƙafa. Kowa ya shiga gane nasa, ana nuna wa juna ana dariya, har aka zo kan wani tarin ƙwallon goruba da aka gwigwiye tas, irin gwigwiyar da haƙori ɗaya ne a unguwar zai iya. Mai Unguwa ya dube su na ɗan lokaci, sannan ya ce albarkacin wannan rana ta yafiya, ya janye maganar bincike.

Saura zuma. Aka duba aka ga duk Tudun Kanya babu ƙofar da ta kai ta Baba Ishaya tsafta, tunda unguwa guda ce ta share ta. Aka miƙa masa ƙwaryar ba gardama. Ya lakata sau ɗaya ya lumshe ido, ya ce a juye sauran a tukunyar kunu kowa ya sha, shi ya riga ya biya kuɗinta da bayansa.

Ba wanda ya koma gindin kanya. Kowane gida ya kwaso tukwanensa ya kawo bayan suri, aka shimfiɗa tabarmi, makaɗa suka zo da ganguna. Rifkatu ta koma gida ta cika kwano mafi girma, ta ɗora soyayyen shinge har ya yi tozo, ta kawo ta dire gaban Malam Ilu. Ta ce masa na farko ya riga ya tafi wurin Baba, ya yi haƙuri da na biyu. Malam Ilu ya ce bana dai ya yafe, amma kada a saba. Ta zuba wa Istifanus ma, ta gaya masa ya rame, wanda a bakinta ban haƙuri ne, shi ma ya gane. Aka ci, aka sha kunu mai zuma, aka yi rawa da kaya masu toka, har Baba Ishaya ya ɗaga ƙafa ɗaya ya ajiye, aka ce ya taka. Tun daga ranar Rifkatu ba ta ɗora ruwan kunu sai ta zagaya suri ta yi sallama ta ji an amsa, in ta makara kuwa takan tarar wani ya riga ta.

A ranar Kirsimetin dai, kafin rana ta faɗi, matasa suka ce ba za a bar tsibin ya kwana a unguwa ba. Aka cika kwanduna, aka jeru ana waƙa, Rifkatu na ja ana amsawa, aka gangara da shi bakin rafi aka juye. Ruwa ya kwashe shi tas ya yi gaba, jama'a suka tsaya suna kallo cikin farin ciki, kowa na cewa da an san haka abin yake da sauƙi da ba a ɓata da juna ba.

An ce a unguwar da ke gangaren rafin, dabbobin can sun shiga sabuwar shekara da taron gaggawa a kan tsafta.